Amsa: Wane tsiro zan sa a tafkin garkata a Tahoua?

Malam, ka tambayi abin da za ka dasa a tafkin garkarka, ka ce ka ga Turawa na dasawa bayan sanyi ya wuce. Wannan lissafin ƙasarsu ne. Mu nan zafin Afrilu da Mayu na ƙafar da ruwa, sai ka jira damina ta kankama, wajen Yuli.

Fara da bado. Ka haƙo saiwarsa a gefen wani tafki, ka cusa ta cikin kwando mai laka, kan tsiron yana waje, ka danne da tsakuwa, ka nutsar inda ruwa ya kai gwiwa zuwa ƙugu. Kada ka zuba taki, gansakuka za ta cinye ruwan. In ganye ya rufe rabin tafkin, ya isa. Ko ruwan ya janye da rani, saiwar na kwanciya cikin laka ta sake tohowa.

Amma don Allah kada kyan furen jasent do, wata ciyawa da ke yawo bisa ruwa mai fure shuɗi-shuɗi, ya ruɗe ka. Ita ce ta addabi masunta a kogin Isa a Yamai. Kainuwa ma da kacala haka suke, in sun kama, fitar da su aiki ne. Ka saki 'yan ƙarfasa saboda tsutsar sauro.