Tambayoyin Masu Karatu: Wasan Kwaikwayon da Ba Shi da 'Yan Kallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce. Na karanta cewa a wasu ƙasashe mutane kan taru su yi wasa inda kowa yake zama wani mutum dabam a cikin labari, ba tare da rubutattun kalamai ko dokoki masu yawa ba. Me yake hana irin wannan wasa rikiɗewa ya zama hayaniya, kuma shin iri ɗaya ake yin sa ko'ina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wasan yana da tsari, sai dai tsarin ba ya cikin littafin dokoki, kuma inda kowane yanki ya zaɓi ya ajiye shi ne ya haifar da bambancin da kike tambaya a kai.

A cikin wasannin da mutum yake zama wani dabam, wanda ya yi fice shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma a cikinsa dayis da lissafi ne suke yanke ko ɗan wasa ya yi nasara ko ya faɗi. Amma tun kafin nan, hafsoshin sojan Purushiya, wata tsohuwar masarauta a Jamus, da suke koyon dabarun yaƙi a kan taswira sun gaji da yawan jadawali, har a 1876 wani hafsa mai suna Verdy du Vernois ya kawo tsarin da ya bar hukunci a hannun gogaggen alƙalin wasa. Sakakken wasa, wato irin wanda kike tambaya a kai, a kan wannan tunani ya ginu: a rage lissafi, a dogara da hankalin mutane.

A Birtaniya da Ostireliya da wani ɓangare na Amurka, nauyin tsarin yana kan marubuci. Kafin a fara, za a miƙa wa kowa ambulan mai ɗauke da bayanin wanda zai zama, da abin da yake nema, da sirrin da yake ɓoyewa. A misali, takardarki za ta iya cewa ke ce ma'ajin wani attajiri da ya rasu, kin san an sauya wasiyyarsa, kuma kina bukatar sa hannun ɗansa kafin dare. Shi kuwa ɗan, tasa takardar ta gaya masa cewa ke ce abar zargi. Da zarar mutum talatin ko fiye sun shiga zauren otal da irin waɗannan buƙatu masu karo da juna, labari zai tashi da kansa ta hanyar raɗa da ƙulle-ƙulle da cin amana, kuma in rigima ta kai ga faɗa sai a raba gardama da kati ko alamar hannu. Ɗaliban Jami'ar Harvard sun kafa ƙungiyar irin wannan wasa a 1982, suka gudanar da na farko a Bostan a 1983, kuma a farkon shekarun 1980 ɗin ne aka soma shi a tarukan wasanni na Kanbera, babban birnin Ostireliya.

Ƙasashen arewacin Turai sun bi wata hanya, wadda a ganina ta fi zurfi. A taron Fastaval na Denmak, wanda ake yi tun 1986 a lokacin Ista, yawancin wasannin na mutum kaɗan ne a ɗaki guda, babu sutura ta musamman, babu kayan ado. Jagoran wasa shi ne yake yanka labarin kashi-kashi: zai iya tsayar da ma'aurata suna tsakiyar gardama ya ce a koma ranar da suka fara haɗuwa, ko ya umarci ɗaya ya faɗi abin da yake ransa a fili yayin da sauran suke yin kamar ba su ji ba. Ƙungiyar Vi åker jeep ta Suwidin, wadda ta fara a 2001, ta ƙara da cewa a daina ɓoye sirri tsakanin 'yan wasa, domin wanda ya san inda labari ya dosa ya fi iya taimaka wa abokinsa ya kai shi can. Saboda haka batutuwansu sukan zama na rayuwar yau da kullum, kamar rabuwar aure da tsufa da gudun hijira, kuma babu wanda yake neman cin wasa. Wani abin da ya taimaka musu shi ne tallafin da hukumomi suke ba ƙungiyoyin matasa, wanda ya sa marubuci bai dogara da ciniki ba, ga kuma taron Knutepunkt da aka fara a Oslo a 1997, wanda yake zagayawa tsakanin Norwe da Suwidin da Denmak da Finlan, inda masu wasan suke tattauna aikinsu su kuma rubuta shi.

A Sin kuwa abin ya zama kasuwanci. Bayan wani shirin talabijin na binciken kisan kai ya samu karɓuwa a 2016, shagunan da ake kira jubensha sun yaɗu a birane, inda mutum shida ko makamancin haka suke biyan kuɗi su zauna na sa'o'i, kowa da ɗan littafinsa, suna neman gano mai laifi. A 2022 hukumomi suka sa a riƙa rajistar labaran, suka kuma taƙaita shigar yara zuwa ranakun hutu.

Akwai kuma wanda ake yi a rubuce ta intanet, kuma babbar ƙa'idarsa ita ce kada ka yanke abin da zai faru da mutumin da wani yake kwaikwaya ba da yardarsa ba.

Tambaya: Ni uba ne. Shin wannan wasa ba ya cutar da yaro, ganin cewa yana shiga halin da ba nasa ba?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma su kansu masu wasan sun yarda cewa baƙin ciki ko fushin da mutum ya kwaikwaya yakan bi shi bayan an tashi. Shi ya sa a arewacin Turai ake amincewa tun farko da kalma biyu, ɗaya ta tsayar da wasa nan take, ɗaya ta sassauta shi, kuma ba a tambayar wanda ya furta su dalili. Bayan an gama akan zauna kowa ya faɗi yadda ya ji, da sunansa na gaskiya. A garin Hobro na Denmak akwai makarantar kwana mai suna Østerskov, wadda tun 2006 take koyar da darussa ta wannan hanya. Shawarata ita ce ka nemi sanin jagoran wasan, ka karanta labarin kafin yaronka ya shiga, ka kuma tabbatar an gaya masa cewa yana da damar fita a duk lokacin da ya so.