Amsa: Azbin ba rairayi ba ne zalla

Malam, ka tambaya ko Azbin, inda Gobirawa ke cewa daga can kakanninsu suka sauko, hamada ce shimfiɗaɗɗiya. A'a, duwatsu ne baƙaƙe jibga-jibga a arewacin Agadas. Mafi tsawo, Idukal-n-Tages a tudun Bagazan, ya kai mita 2,022, babu kamarsa a duk Nijar. Tsayin nan ke jawo ɗan ruwan sama, ya gangaro ƙoramu, shi ya sa a ƙauyen Timiya da ke cikin duwatsun Buzaye ke noman lemu da rumman. Sanyin darensu da hunturu kuwa, namu na Sakkwato wasa ne. Gabashin duwatsun, haɗe da yammacin hamadar Tenere, gandun daji ne mai kariya, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a jerinta na wuraren gado na duniya a 1991.