Tambaya da Amsa: Zaurukan Kiɗa da Makaɗa Ke Riƙewa da Kansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin labarin cewa a birnin Niyok na Amurka makaɗa kan buɗe wurin wasa na kansu a tsofaffin ɗakunan ajiya, ba kamfani, ba ubangida. Yaya suke tafiyar da su, kuma me ya sa ba sa daɗewa? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai su, mafi yawa a Buruklin, wani yanki na birnin, inda masana'antu suka tashi suka bar gine-gine fanko da haya mai sauƙi. Misali, zauren Death By Audio asalinsa wurin ƙera na'urorin sauya amon jita ne na Oliver Ackermann, makaɗin ƙungiyar A Place to Bury Strangers. An fara wasa a cikinsa a 2007, aka rufe a Nuwamba 2014 bayan kamfanin Vice Media ya karɓi hayar ginin. Zauren Shea Stadium kuwa ƙungiyar makaɗa ta So So Glos ce ta buɗe shi a 2009 tare da Adam Reich, suna naɗar wasannin da aka yi suna ajiyewa a intanet. Ya rufe a 2017 a kan batun takardun izini.

Kuɗin ƙofa kaɗan ne, galibi dala biyar zuwa goma a wancan lokaci. Ana fara sallamar mai kula da sauti, sannan ƙungiyar da ta zo daga nesa ta ɗauki kaso mafi tsoka saboda kuɗin mai. Makaɗan gida sau da yawa hannu rabbana suke tashi. Haya kuwa ba daga ƙofa take fitowa ba. Daga sayar da abin sha take fitowa, da ba da hayar ɗakunan atisaye, da kuɗin waɗanda ke kwana a ginin. Nan ne tarkon yake: sayar da giya ba lasisi laifi ne, kwana a ginin da aka yi wa rajistar masana'anta ma laifi ne. Sannan dokar birnin ta ce ɗakin da zai tara mutum 75 ko fiye sai da takardar izinin taro. Har 2017 ma akwai wata doka ta 1926 da ta hana rawa a mashaya sai da lasisi na musamman. Idan wurin ya tsallake duk wannan, sai unguwar ta yi suna saboda shi, haya ta tashi, mai gida ya ce a kwashe kaya.

Tambaya: Muna da ɗakin atisaye, maƙwabta na ta ƙorafi. An ba mu shawara mu manna soson katifa da kwalin ƙwai a bango. Zai yi? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Kada ku soma. Soso yana rage amsa-kuwwa ne a cikin ɗaki kawai, ba ya hana sauti fita, musamman amon ganga da na jitar bes, wanda ke ratsa bango da ƙasa. Kuma man fetur ne a daskare. Ranar 20 ga Fabrairu 2003, a gidan rawa na Station da ke jihar Rod Ailan ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama irin wannan soso da aka manna a bango, mutum 100 suka mutu.

Abin da ke tare sauti shi ne nauyi, da tazara, da toshe kafa. A gina bango na biyu a ciki wanda bai taɓa na farko ba, a bar tazarar santimita goma ko fiye, a cusa audugar dutse wadda ba ta cin wuta, a rufe da allon silin mai nauyi ninki biyu. Ku fara da ƙofa da taga, domin kafar da ke ƙarƙashin ƙofa kaɗai tana iya ɓata aikin bango guda. A ɗora ganguna da lasifika a kan katako mai shimfiɗar roba. Kunnuwanku ma ku tausaya musu: idan ƙarfin sauti ya kai desibel 85 ana iya jure awa takwas, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 saura minti 15.

Tambaya: Idan na shiga irin wannan wuri, me zan duba don in san ko lafiya? Mai karatu daga Kumasi.

Amsa: Hajiya, ƙofofi tukuna. Ƙa'idar gini a Amurka ita ce mutum 50 ko fiye na buƙatar mafita biyu, nesa da juna, masu buɗewa waje, ba kwaɗo, ba kaya a gabansu. A gobarar Ghost Ship, wani tsohon ɗakin ajiya da ake wasa a cikinsa a birnin Okland na Amurka, ranar 2 ga Disamba 2016, mutum 36 suka rasu. A bene ake wasan, matakalar da jama'a suka sani da katakon dakon kaya aka harhaɗa ta, ƙasa kuma cunkushe da kayan katako, babu na'urar yayyafa ruwa ta kashe gobara. Bayan nan ne hukumomi a birane da dama suka bi irin waɗannan wurare suna rufewa.

Sai wayoyin lantarki. Layi mai amfiya 15 a kan bolt 120 na Amurka wat 1,800 yake ɗauka, kuma don aiki mai tsawo ba a wuce kashi 80 cikin ɗari. Filogi mai amfiya 13 a kan bolt 230 irin namu kusan wat 3,000 ne iyakarsa. Idan kika ga an jona waya a kan waya, amfilifaya da fitilu da firji duk a soket ɗaya, taɓa wayar: in da ɗumi, an yi mata lodi fiye da ƙima. Wasu kan karya ƙafar filogi ta uku don kashe gurnanin lasifika. Ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta lalace, in babu ita mawaƙi ne zai sha a leɓe ta makirfo. Maganin gurnani shi ne a haɗa kayan sauti a layi ɗaya, fitilu da firji a wani dabam.