Jini Ɗaya, Sakamako Biyu

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana yana da ciwon hanta nau'in B. An auna yawan ƙwayar cutar a jininsa a wani ɗakin gwaji a nan Jos, aka samu 1,800. Bayan mako biyu ƙaninsa ya kai shi wani a Abuja, aka samu 3,100. Cutar ce ke ƙaruwa, ko ɗayansu ne ya cuce mu? Daga wata uwargida, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Uwargida, kwantar da hankalinki, mai yiwuwa babu wanda ya cuce ku. Gwajin PCR, wanda da shi ake auna yawan ƙwayar, ba ya ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan guntun DNA na ƙwayar ake ta ninkawa a na'ura, saurin bayyanarsa ne ke nuna yawanta. Shi ya sa bambancin da bai kai ninki uku ba, mu ba ma kiransa canji. Ita kanta ƙwayar tana hawa tana sauka.

Fara da duba takardun biyu. Ko duk IU/mL aka rubuta? Wannan shi ne mudun Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda cibiyar NIBSC ta Ingila ke haɗawa. In ɗaya ta rubuta kwafi (copies) maimakon IU, to IU ɗaya kusan kwafi 5 ne.

Ɗakin gwajin da ya san aikinsa ba ya saka jinin mutane shi kaɗai. Kowane zubi yana tafiya da samfurin da babu ƙwaya a ciki, da mai kaɗan, da mai yawa. In wanda babu komai ya nuna cuta, gurɓata ta shiga, sai a watsar da zubin gaba ɗaya a sake, komai tsadar sinadarin. A nan ake gane masu tsoron Allah. Kuna da ikon tambaya ko ana aiko musu da samfurin jarrabawa daga waje, wanda ba su san amsarsa ba, da kuma ko hukumar MLSCN, mai kula da ɗakunan gwaji a Najeriya, ta tantance su.

Sau da yawa ma tun kafin na'ura ake ɓata aikin. Kwalba mai murfi shunayya ake so. Mai koren murfi tana da heparin, sinadarin hana jini daskarewa, shi kuwa yana hana gwajin ci. Jinin da ya wuni a but ɗin mota babu ƙanƙara, ba na yarda da shi.

Inda nake so ki sa ido shi ne 2,000, domin a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 likita yana haɗa wannan adadin da gwajin ALT, mai nuna lafiyar hanta, kafin ya fara magani, ku kuma sakamakonku ya faɗa gefe da gefensa. Ku kai masa takardun biyu, gwaji na gaba kuma a tsaya wuri ɗaya.