Filin Tambaya da Amsa: Cikin Dattawan Ƙwallon Ostareliya, Wa Ya Fi?

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ƙanena yana karatu a Melbourne, shi ya jawo mu cikin wannan ƙwallon tasu ta Ostareliya, kullum sai ya turo mana bidiyo a WhatsApp har mun fara kamuwa. Toh yanzu musu ya ɓarke a majalisarmu, shi ƙanen nawa ya kafe wai Scott Pendlebury babu kamarsa a cikin waɗanda suka daɗe suna bugawa, wani abokinmu da ya shiga intanet ya ce a'a Michael Tuck ne tunda ya fi kowa kofi, ni kuma na ga wani Brent Harvey ya buga wasa 432 na ce ai magana ta ƙare. Don Allah a raba mana gardama. Daga mai karatunku a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, a gaida 'yan majalisa. Bari in fara da kai tunda kai ka aiko, maganarka ce ta fi rauni a cikin ukun, kar ka ji haushi. Yawan wasa yana nuna mutum yana da lafiyar jiki da juriya da ɗa'a, kuma koci bayan koci sun ga ya cancanci riga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tambayar da ni nake yi ita ce a cikin shekarun nan da ya daɗe, shekara nawa ya yi yana cikin waɗanda ake tsoro, kuma ranar babban wasa me ya yi.

Tun da aka fara gasar a 1897, lokacin tana VFL kafin a mayar da ita AFL a 1990, sama da mutum 12,000 sun buga, amma waɗanda suka kai wasa 400 su shida ne kacal. Kevin Bartlett ne ya fara kaiwa a 1983, sai Tuck, sai Dustin Fletcher da Harvey duk a 2015, sai Shaun Burgoyne a 2021, sai Pendlebury na ƙanen naka a 2024.

Harvey ɗinka, wanda suke ce wa Boomer, gajere ne ɗan firit a wasan da ƙarti ke cika fili, ya yi wa North Melbourne wasa daga 1996 zuwa 2016, ya ci gola 518, sau 5 ana zaɓensa gwarzon kulob ɗin na shekara. Gudu ne makaminsa, ya ɗauki ƙwallo ya tsere yana dunguro ta a ƙasa kafin ƙato ya juyo ya yi nisa, kuma abin mamakin shi ne gudun bai gudu ya bar shi ba, yana da shekara 38 yana cikin masu taka rawa a kulob ɗin, ba shi ya ce ya gaji ba, kulob ne ya ce ba zai sabunta masa kwantiragi ba, magoya baya suka yi ta surutu. Matsalarsa kofi ɗaya gare shi, na 1999. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, North ba kulob ne mai kuɗi ba, amma in ana maganar wa ya fi dole a taɓo wannan.

Shi kuma Tuck na abokinku, in kofi ake ƙirgawa to a tashi taro. Wasa 426 a Hawthorn daga 1972 zuwa 1991, ya buga fainal 11 ya ɗauki kofi 7, huɗu daga ciki yana kyaftin, 1986 da 1988 da 1989 da 1991, wasansa na ƙarshe ma fainal ne ya ɗaga kofi ya tafi gida yana da shekara 38. Wa zai ƙi irin wannan? Sai dai ga abin da abokin naku bai gani ba a intanet ɗin, ko ya gani ya yi shiru: duk tsawon shekarun nan Tuck bai taɓa cin kyautar gwarzon kulob ɗinsa ba ko sau ɗaya, sai dai ya yi ta zuwa na biyu. Dalili kuwa a fili yake, ya yi zamani da Leigh Matthews, daga baya kuma ga su Jason Dunstall da Dermott Brereton, wato ya faɗo cikin tawagar da da wuya a sake haɗa irinta. Ina girmama shi sosai wallahi, shi ne ginshiƙin da ba ya motsi, amma mutumin da bai taɓa zama na ɗaya a gidansu ba ina jin nauyin in ce ya fi kowa a gari.

Fletcher zan wuce shi da sauri, ba don raini ba. Mai tsaron baya ne dogo mai dogayen hannuwa a Essendon, ya ci kofi a 1993 yana ɗan makaranta mai shekara 18, ya sake ci a 2000, ya buga har ya kai shekara 40, a wasansa na 400 cif ya ji rauni bai sake dawowa ba. Burgoyne kuma wasa 407, 157 a Port Adelaide 250 a Hawthorn, kofi 4, shi ne ɗan asalin ƙasar na farko, wato cikin mutanen da Turawa suka tarar a can, da ya kai 400, suna ce masa Silk saboda laushin wasansa, lokacin da Hawthorn ta ɗauke shi a ƙarshen 2009 gwiwarsa a lalace take mutane na cewa an yi asara, sai ga shi ya ƙara shekara 12. Duk inda wuta ta kama a fili can koci ke tura shi, baya ko tsakiya ko gaba.

Toh saura biyu, kuma a nan ne musun gaske yake, Pendlebury da Bartlett, wanda ku a majalisarku ko sunansa ba ku kawo ba.

Ƙanenka ba shirme yake ba. Pendlebury ɗan ƙwallon kwando ne tun yana yaro kafin ya zaɓi wannan, kuma kana kallonsa za ka gane, in ya karɓi ƙwallo a tsakiyar cunkoso kowa na rige-rige shi sai ka ga kamar ba ya sauri, ya ɗan karkata kafaɗa mutum biyu su wuce fuu, sannan ya miƙa ta inda ya ga dama. Ya fara da Collingwood a 2006, ya yi kyaftin daga 2014 zuwa 2022, gwarzon kulob sau 5, sau 6 yana shiga tawagar gwanayen ƙasa ta shekara. A 2010 fainal ɗinsu da St Kilda ya tashi kunnen doki aka sake bugawa bayan mako guda, shi ya ci lambar Norm Smith ta wanda ya fi kowa a fainal. Sai 2023, yana da shekara 35, suka doke Brisbane da maki 4 kacal, ka ce wa ƙanen naka ya turo maka zangon ƙarshe na wasan nan, ka ga yadda dattijo ke nuna wa yara inda za su tsaya da hannu yana kwantar da wasa lokacin da kowa ƙafarsa ta mutu. A shekarar ne kuma ya karɓe tarihin yawan raba ƙwallo daga hannun Robert Harvey na St Kilda.

Amma ni Bartlett nake ba, ga dalilina. Wasa 403 a Richmond daga 1965 zuwa 1983, kofi 5, a 1967 da 1969 da 1973 da 1974 da 1980, kuma gwarzon kulob sau 5. Kaga ya haɗa abin da Tuck ya rasa da abin da Harvey ya rasa a jiki ɗaya. Gola 778 ya ci alhali yawancin rayuwarsa ɗan tsakiya ne mai tsintar ƙwallo a ƙarƙashin dogaye, siriri ne kamar iska za ta ɗauke shi. Da shekaru suka ja aka tura shi gaba, a fainal ɗin 1980 yana da shekara 33 ya zura wa Collingwood gola 7 shi kaɗai, Richmond ta ci da tazarar maki 81, ya tafi da Norm Smith. Ka ƙara da cewa lokacin da ya fara, wasa 18 ake yi a kaka, sai a 1970 aka kai 22, filayen unguwanni ne masu taɓo a lokacin sanyi, 'yan wasa na zuwa aiki da rana su zo atisaye da yamma, babu likitocin zamani da ke auna barcin ɗan wasa da abincinsa. Aibinsa ɗaya da kowa ya sani, ba ya son ba da ƙwallo, har laƙabi suka sa masa na mayunwaci saboda in ya hango raga ya manta da abokin wasa. Na yarda. Amma rowar da ta kawo kofi biyar ni ban ga kocin da zai kore ta ba.

Saboda haka a gaya wa majalisa, Bartlett na ɗaya, Pendlebury na bin sa a kusa sosai, Tuck na uku. Harvey ɗinka na huɗu ɗan uwa, ka yi haƙuri ka sayi shayin.

TAMBAYA: Malam ni ban gane wannan zuzutawar ba. Ryan Giggs ya buga wa Man United wasa 963, Maldini ya yi wa Milan 902, a nan gida ma ga Rabi'u Ali Pele na Kano Pillars ya haura 40 yana bugawa. Meye abin mamaki a 400? Daga wani ɗan Man U a Rigasa.

AMSA: Yallaɓai lissafin ba ɗaya ba ne. Giggs yana da lig, yana da kofin FA, yana da na Turai, a shekara mai kyau kulob ɗinsa sai ya yi wasa 60. Su can gasa ɗaya ce tal, wasa 22 a kaka, sai a 2023 aka mayar 23, in kun yi ƙoƙari ku ƙara uku ko huɗu na zagayen ƙarshe, shi ke nan sai baɗi. Ka raba 400 da 22 ka gani, shekara 18 ke nan ba ciwo ba dakatarwa ba koci ya ajiye ka a benci.

Sannan wasan kansa ba irin wanda ake tsufa a cikinsa ba ne. Fili ne mai siffar ƙwai wanda ya fi na bal ɗinmu girma nesa ba kusa ba, mutum 18 kowane ɓangare, zango huɗu na minti 20 amma da ƙarin lokacin tsayawa sai kowanne ya kai kusan 30, babu satar gida saboda haka ta ko'ina za a iya zuwa maka, ana kama mutum a kayar da shi, ana tsalle a taka kafaɗar wani a cafke ƙwallo a sama, ba sulke ba hular kwano irin ta 'yan Amurka, 'yar riga ce mai yankakken hannu da gajeren wando. Jan kati ma babu a AFL, in ka yi wa mutum mugunta sai bayan wasa kwamiti ya zauna a kanka. Je ka nemi fainal ɗin 1989 tsakanin Hawthorn da Geelong, wanda Tuck ya yi kyaftin, Brereton an karya masa haƙarƙari tun bugun farko ya tashi ya ci gaba, Robert DiPierdomenico ya gama wasan da huhu a fashe aka wuce da shi asibiti. Wanda ya yi shekara 20 a cikin wannan ka ga kuwa ai sai a sara masa. Shi kuma Pele namu ina cikin masu cire masa hula, wanda ya san hanyoyin da 'yan lig ɗinmu ke bi a bas daga Kano zuwa Aba ba zai raina shi ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana ne ke kallo a waya nake leƙawa, na ga akwai baƙaƙe a ciki, 'yan Afirka ne? Kuma akwai wanda ya daɗe a cikinsu? Daga wata uwa a Unguwar Rimi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Kashi biyu ne. Akwai 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka tarar a can, su ne su Burgoyne da na ambata a sama. Akwai kuma 'yan Afirka na gaske, yawancinsu 'ya'yan 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu, Majak Daw ne ya fara buɗe wa 'yan Sudan ɗin ƙofa a 2013 a North Melbourne, ya yi wasa tare da Harvey, sai Aliir Aliir da aka haifa a sansanin Kakuma a Kenya wanda ya shiga tawagar gwanayen ƙasa a 2021, akwai kuma Isaac Quaynor mai uba ɗan Ghana da ya ci kofin 2023 tare da Pendlebury. Su ba su daɗe da shigowa ba shi ya sa ba ki gan su a lissafin dattawa ba tukuna.

Amma in za ki ba yaran labarin mutum ɗaya, ki ba su na Adam Goodes na Sydney, ɗan asalin ƙasar ne. Wasa 372, kofi 2 a 2005 da 2012, lambar Brownlow ta gwarzon gasar gaba ɗaya sau 2, a 2003 da 2006, abin da babu ko ɗaya cikin mutum shidan nan na 400 da ya taɓa ci. A 2013 ana cikin wasa wata yarinya a cikin 'yan kallo ta kira shi biri, ya tsaya ya nuna ta aka fitar da ita, washegari ya fito ya ce kar a ɗora wa yarinyar laifi, a duba inda ta koyo. A 2014 aka ba shi gwarzon ɗan ƙasa na shekara, yana magana a kan wariyar da ake yi wa mutanensa ba ya ɓoye-ɓoye, daga nan 'yan kallo suka sa shi a gaba, duk filin da ya je da ya taɓa ƙwallo sai ihu, mako bayan mako, har ya ajiye wasa a ƙarshen 2015 ko zagayen bankwana da ake yi wa masu ritaya ranar fainal bai je ba. Sai a 2019 hukumar AFL da kulob 18 ɗin suka fito suka ba shi haƙuri a rubuce cewa ba su tsaya masa ba, a 2021 suka so saka shi a zauren gwarazan wasan ya ce ya gode ba ya so. Abin yana min ciwo har yau Hajiya, wasa 28 ya rage masa ya cika 400.