Shekara shida a teburin tambayoyi, ba ƙarin girma

'Yar'uwa, kin ce shekararki shida kina amsa tambayoyin masu bincike a laburare, ba ƙarin girma, ba yabo, kina neman mafita. Maganarki ta taɓa ni, domin aikin nan namu ba ya barin sawu. Ɗalibi zai zo a ruɗe, shi kansa bai san abin da yake nema ba, ki zauna da shi minti arba'in kina jan zaren maganarsa har ku gano takardar, ya yi godiya ya tafi. A rahoton wata, shi da mai tambayar hanyar banɗaki duk "tambaya ɗaya" ce.

Don haka ki fara rubutawa. Akwai ma'aunin READ, wanda ke ba kowace tambaya maki daga 1 zuwa 6 gwargwadon ilimi da wahalar da ta ci. Ki cika na wata uku, ki ajiye a gaban shugabanki. Alƙaluma sun fi ƙorafi shiga kunnen manya.

Sannan ki fito daga bayan tebur. Shiga ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasarki, ki riƙa bin tarukan IFLA, wato tarayyar ƙungiyoyin laburare ta duniya wadda aka kafa tun 1927, wasu tarukan ta intanet ake yi. Ki nemi a ba ki ajin koya wa sababbin ɗalibai dabarun bincike, nan ne malamai za su san sunanki.