Baba ya ƙi yarda a kawo Hajiya birni ita kaɗai

Ɗan'uwa, in na fahimce ka, Hajiya na fama da hawan jini, kuna son kawo ta birni ganin likita, Baba kuma ya ce ba inda za ta je ba tare da shi ba, bayan sama da shekara 50 suna tare a ƙauye.

Kada ku ɗauke shi taurin kai. Ita ke miƙo masa ruwan alwala, shi ke tuna mata lokacin shan magani. Tsofaffi irin waɗannan in aka raba su, sai ka ga ɗaya ya daina cin abinci, barci ma ya gagare shi. Ku ɗauko su tare, ku ba su ɗaki ɗaya, ku faɗa musu ranar komawa gida. Ku samo mai kula da awaki da gona, don sau da yawa abin da ke riƙe tsoho ke nan.

Kuskuren da 'ya'ya ke yi shi ne yanke shawara a bayan idonsu. Wani kuma, barin ta daina magani don ta ji sauƙi. Shi ma Baba a auna jininsa. In kuka ga bakinta ya karkace, hannu ya saki ko magana ta harɗe, ku kai ta asibiti nan take.